Fargaba Ta Hana 'Yata Yarda da Kanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana da iyaye 'yan uwana. 'Yata ta haddace izu 60, amma ranar jarrabawar shiga jami'a, tana zama gaban kwamfuta, ga tambayoyi 180 cikin awa 2, sai hannunta ya hau rawa, zufa ta jiƙe mata hijabi, karatun ya ɓace mata.

Tun ranar take cewa ita daƙiƙiya ce. Har ɗinkin da ta ƙware a kai ta ajiye. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, faɗa muka yi ta yi mata.

Sai da likitan ƙwaƙwalwa ya fahimtar da mu cewa ciwo ne mai magani. Makon jiya ta koma kan kekenta.

Wata uwa, daga Kaduna