Ƙanena yana jinyar shaye-shaye daga gida, Baffanmu kuma yana so a kai shi gidan mari

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da abokan aikinki, ina roƙon a sakaya sunana da na unguwarmu, domin Daura gari ne da kowa ya san gidan kowa, kuma maganar da na kawo ta shafi mutuncin yaron da bai san na rubuto ba. Ni malamar firamare ce, ina gidan mijina da 'ya'yana, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu, Innarmu tana zaune a gidan gado tare da ƙanena, wanda yake cikin shekarunsa na ashirin, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Sana'arsa acaɓa ce, ranar kasuwar Mai'aduwa kuma yakan haɗa da lodin kaya. A can ne abokan aiki suka koya masa shan taramol don ya jure wahalar yini. Ba irin wadda likita yake rubutawa mai miligiram 50 ko 100 ba, mai 225 ɗin nan da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Da ta fara hana shi barci sai ya ƙara da ƙwayar sa barci da suke kira D5, daga baya wiwi ta shigo. Mu dai abin da muka gani shi ne rama da saurin fushi, sai ranar da ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure. Maƙwabta suka ce aljanu ne, wasu suka ce farfaɗiya, aka yi ta tofi da hayaƙi. Bayan haka ya daina cin abincin gida, yana cewa an sa masa wani abu, yana rantsuwa cewa 'yan majalisar ƙofar gida da shi suke magana ko da hirar ƙwallo suke yi. A nan ne mijina, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya kai da fata sai an kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Katsina.

Mun tafi da tabarma da bokiti, da zaton za a ba shi gado. Likitan ya daɗe yana yi masa tambayoyi shi kaɗai, sannan ya kira ni, aka yi gwajin fitsari, daga ƙarshe ya ce bai ga dalilin kwantar da shi ba, tunda ba ya barazana ga ransa ko na wani, ya amsa da bakinsa cewa yana son rabuwa da ƙwayar, kuma yana da gida da masu kula da shi. Ya ce za a yi masa jinyar jeka-ka-dawo: yana kwana a gida, yana shan magani, yana zuwa ganin likita da mai ba da shawara a ranakun da aka yanka masa, da farko a kai a kai, daga baya a riƙa ba da tazara idan an ga ci gaba. Ya bayyana mini cewa taramol kanta tana jawo faɗuwa irin wadda muka gani idan an sha da yawa. Ya kuma ja mini kunne sosai cewa D5 ba a yanke ta lokaci guda ga wanda jikinsa ya saba da ita, domin hakan ma yana iya jawo faɗuwa, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin da ya rubuta. Makonnin farko ba zan so maƙiyina ya gan su ba. Hamma, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci har asuba, Inna tana zaune a bakin ƙofarsa da carbi. Amma abin ya wuce kamar yadda aka faɗa mana, kuma yanzu yana cin abinci, yana zuwa masallaci, maganar ana zancensa ta ragu ƙwarai.

Damuwar da ta sa na rubuto ita ce Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne uba a gare mu yanzu, bai taɓa amincewa da wannan tsari ba. Ba zan zalunce shi ba, hujjarsa tana da ƙarfi. Cewa yake yi likita yana ganin yaron na ɗan lokaci a ofis, sauran kwanakin kuma lungu ne yake riƙe da shi, ga mai sayar da ƙwayar bai ƙaura ba, ga abokan nan suna nan inda ya bar su. A ganinsa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ya ce ya san wani gidan mari a wani gari inda ake tsare irin waɗannan yara shekara guda ana ba su karatu. Inna kuwa da ta ji an ambaci mari sai hawaye, domin babu wanda ya manta da abin da ya faru a garin nan a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wata makarantar gyaran tarbiyya suka fito da mutum 67, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki, makonni kaɗan bayan an gano irinta a Rigasa ta Kaduna. Baffa ya ce wannan da ya sani ba haka take ba. Wataƙila gaskiyarsa ne, amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne a irin wuraren nan babu likitan da zai ci gaba da rage masa ƙwayar bisa ƙa'ida, babu kuma mai ba shi maganin da ya kwantar masa da tunani. Na ji cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin masu irin wannan lalura na a kula da su cikin mutunci. Sai dai kin san ɗiya mace ba ta karanta wa baffanta doka a zauren gidan ubanta.

Kawunmu ya kawo shawarar raba gardama, wato a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a jihar Sakkwato a kwantar da shi, hankalin kowa ya kwanta. Ban ƙi wannan ba idan likita ne ya ce lokacinsa ya yi. Amma ko an kwantar da shi wata uku, ai wannan lungun zai dawo, kuma daga nan jinyar jeka-ka-dawo ɗin dai za a koma wa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin su taramol da kodin suke sha. Duk wanda ya ga yawan gadajen sashen ƙwaƙwalwa a asibitocinmu ya san mafi yawan masu neman magani daga gida za su yi jinya, ko sun so ko ba su so ba. Abin da ban ji ana koyarwa ba, a rediyo ko a wa'azi, shi ne yadda mutanen gidan za su ɗauki nauyin da aka ɗora musu, domin a wannan tsari mu ne masu ba da magani, mu ne masu gadi, mu ne kuma muke shan fushinsa.

Ga abin da ya fi nauyi, wanda a cikin dangi ni da shi kaɗai muka sani. Kwanakin baya an yi bikin wani abokinsa, ya roƙi Inna ta bar shi ya je ɗaurin aure, daga can suka wuce wajen walima, kuma ya sha ƙwaya ɗaya. Ba kama shi na yi ba, shi ne ya zo gidana washegari ya zauna a ƙasa ya faɗa mini, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na tuna tun farko mai ba da shawarar ta gaya mana cewa irin wannan tuntuɓen yana faruwa da masu jinya da yawa, kuma ba ya nufin an koma gidan jiya, matuƙar an faɗa da wuri an gyara tsarin. Ta kuma gargaɗe mu cewa wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya rage jurewa, don haka idan ya koma wa adadin da ya saba sha a da yana iya rasa ransa. Saboda haka na sa shi ya faɗa wa likita da bakinsa, aka matso masa da ranakun zuwa. Amma ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa Baffa, domin ya san hujjar da ake jira ke nan. Yanzu duk lokacin da Baffa ya tambaye ni ko yaron ya sake taɓawa, sai in ce yana samun sauƙi, in kawar da zancen. Hajiya, a nan nake neman ki haska mini. Idan na faɗa, za a ɗauke shi, kuma ba zai ƙara buɗe wa kowa cikinsa ba, alhali wannan faɗin gaskiyar da ya yi shi ne babban ci gaban da na gani tun da aka fara. Idan kuma na ci gaba da yin shiru wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi dangin mahaifina? Shin uban gida yana da haƙƙin sanin duk abin da marar lafiya baligi ya faɗa a asirce, ko kuwa ya wadatar likita ya sani?

Akwai kuma batun magungunan. Wanda aka ba shi don tunani yana sa shi yawan barci da sanyin jiki, har a wani lokaci wuyansa da hannuwansa suka riƙa ƙagewa. Da muka koma, likita ya ƙara masa wata ƙwaya ta magance ƙagewar, kuma da yaron ya ga kwalin sai ya yi murmushi ya ce ai wannan ita ce Exol da 'yan majalisa suke saya. Na tambaya aka tabbatar mini haka ne, magani ne na gaske da wasu suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Tun daga ranar na kwashe magungunan duka na kulle a akwatin Inna, ita take ba shi safe da dare. Sai dai Inna ba ta karatun boko, kuma tana da taushin zuciya, idan ya ce bai yi barci ba tana iya ƙara masa. Ga wata ƙawarta da take zuga ta cewa maganin asibiti ne yake mayar da shi dolo, a bar shi da ruƙiyya da rubutu kawai. Ni ban raina addu'a ba, kullum muna yi, kuma limamin unguwarmu da kansa ya ce neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Ina so ki gaya mini yadda zan fahimtar da Inna cewa ba a tsayar da irin wannan magani don an ga sauƙi ko don an ga kasala, sai dai a koma wa likita ya daidaita shi, ba tare da ta ji kamar na fifita maganar asibiti a kan tata ba.

Shi kuma yana matsa mana a mayar masa da babur ɗinsa. Ya ce zaman banza ne yake dawo masa da tunanin ƙwaya, kuma yana jin kunyar miƙa hannu wajen ƙanwar bayansa don kuɗin sabulu. Na yarda da shi, mai ba da shawarar ma ta ce sana'a tana cikin magani. Amma acaɓar ce ta kai shi ga ƙwayar, tashar nan ce, mutanen nan ne, ga kuɗi a aljihu kullum, ga maganin da yake sa shi gyangyaɗi. Mijina ya yi masa tayin zama a shagon wani amininsa mai ɗinki, shi kuma yana ganin komawa yaron shago a shekarunsa faɗuwa ce. Kawu yana cewa a kai rahoton mai sayar da ƙwayar ga hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, Inna tana tsoron abin da zai biyo baya idan aka gane daga gidanmu maganar ta fito. Kuɗin mota daga Daura zuwa Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ta mutum biyu, da kuɗin magani, duk a kan albashina da aljihun mijina suke, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kin san yadda abin hawa ya koma. Ba ƙorafi nake yi ba, na faɗa ne don ki san iyakar ƙarfinmu idan za ki ba da shawarar wani wuri.

Baffa ya ce a ƙarshen watan nan zai tara mu a gidan gado a yanke magana, kuma ba na son in shiga zauren nan da kuka kawai. Na yi tunanin in roƙe shi ya bi mu asibiti sau ɗaya ya ji daga bakin likita, ko in nemi liman ya yi masa magana, tunda yana jin nauyinsa, amma ina tsoron ya ɗauka na kai ƙararsa waje. Ki taimaka ki gaya mini wace hanya ce ta fi dacewa, waɗanne alamu ne idan muka gani za mu san zaman gida ya daina wadatarwa a nemi gado ba tare da jinkiri ba, da kuma abin da zan yi da sirrin da yaron ya ba ni. Idan da hali a karanta amsar kafin ƙarshen wata, zan yi matuƙar godiya.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Wassalamu alaikum.

Taki,
Wata 'yar uwa daga Daura