Tsuntsun tsibirin Cousin da abin da ya shafi gaɓar Bahar Maliya

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi wa 'yan uwa Hausawa mazauna Jidda da Jizan bayanin wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya na ƙasar Seshels, a Tekun Indiya. Mutanen can suna kiransa Timerl Dezil. Da yawanmu mun ɗauka keji da hatsi su ne gatan tsuntsu. Wannan kuwa da keji aka nufe shi da tuni ya ƙare.

Tsawonsa kamar santimita 14 ne, nauyinsa wajen giram 15, launinsa ƙasa-ƙasa da ɗan kore. Ba ya cin hatsi. Ƙwari yake tsinta a bayan ganye, saboda haka yawan ganyen yankinsa shi ne arzikinsa. Da aka sare dajin tsibirin Cousin na Seshels, inda yake zaune, wanda bai kai hekta 30 ba, aka dasa kwakwa, sai abinci ya yanke. Zuwa 1968 tsuntsayen ba su kai 30 ba a duniya, sun maƙale a wani ɗan kurmin itatuwan bakin teku.

A shekarar ne ƙungiyar kare tsuntsaye da yau ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin. Aka rage kwakwa, aka bar itatuwan asali suka tofo. Zuwa 1982 sun kai wajen 320, suka tsaya nan, domin kowane taƙi ya sami mai shi.

Nan ne abin sha'awar yake. Macen galibi ƙwai ɗaya tak take yi, kuma ana ciyar da ɗan har wajen wata uku bayan ya bar sheƙa. Idan babu fili, 'ya mace takan zauna gidan iyayenta tana taya kwanci da ciyar da ƙannenta. Binciken wani masanin tsuntsaye, Jan Komdeur, na 1997 ya nuna a yanki mai yalwar ƙwari uwa ta fi ƙyanƙyashe mata, masu zama su yi taimako, a yanki mai ƙarancin abinci kuma ta fi ƙyanƙyashe maza, masu tashi su bar gida. Ikon Allah ke nan.

Sai aka fara raba su zuwa wasu tsibiran Seshels: 29 zuwa Aride a 1988, 29 zuwa Cousine a 1990, 58 zuwa Denis a 2004, 59 zuwa Frégate a 2011. A Denis da Frégate sai da aka gama da ɓeraye kafin a kai su, domin mai ƙwai ɗaya ba ya jure ɓarawon sheƙa. Yanzu sun haura 3,000.

Wani danginsa na kusa yana zaune a kurmin shura, itacen bakin teku na gaɓar Bahar Maliya. Sare shura, da barin raƙuma su cinye tohonsa, da zubar da shara mai tara ɓera, kyanwa da hankakan Indiya, duk suna rage masa wurin sheƙa. Muna roƙon masunta da masu zuwa shaƙatawa tsibiran Farasan su duba kwale-kwalensu kada ɓera ya bi su, su dawo da ragowar abinci, kada kuma a saki kyanwa a tsibiri.

Wassalam.

Wasu masu nazarin tsuntsaye,
Jidda, Saudiyya