Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya: a tuna da magina

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Maganata akan tsofaffin gine-ginen biranen ilimi ce, da mutanen da ke riƙe da su waɗanda ba a cika ambatonsu ba.

Duk wanda ya shiga makarantar Attarin a birnin Fas na Maroko, wadda aka gama a 1325, wallahi sai ya tsaya cak. Ƙasan bangon 'yan mitsi-mitsin tayil ne kala-kala, kowanne da guduma aka sare shi, samansa rubutun larabci da aka sassaƙa a jikin farar ƙasa, can sama kuma katako mai zane. Kuma fa masaukin ɗalibai ne masu ɗaukar karatu a jami'ar Ƙarawiyyin, wadda Fatima al-Fihri ta kafa a 859. A Bolonya ta Italiya ma ɗalibai ne suka cika gari, masu gidaje suka riƙa faɗaɗa benaye ta saman hanya suna tokarewa da ginshiƙai, daga nan aka samu rumfunan da kuka saka a jerin kayan tarihin duniya a 2021.

Amma Timbuktu ta ƙasar Mali ce ta fi tsaya min a rai. Masallacin Jingarebar na zamanin Mansa Musa da na Sankore duk ginin ƙasa ne, itatuwan nan da suka tsattsago daga bango mutum zai ɗauka ado ne kawai, alhali su magina ke takawa su hau in lokacin yaɓe ya zo, gari ya fito, wasu na kwaɓa wasu na miƙawa. Da 'yan bindiga suka rushe hubbarorin waliyyai a 2012, su wa suka tayar da su? Maginan garin ne, guda 14 suka sake ginawa zuwa 2015 da ilimin da suka gada kaka da kakanni. Hukumarku ta tsaya musu, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya kuma ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rushe su, shekara 9 a 2016, Allah ya saka. To da a ce tsofaffin nan sun riga sun ƙare ba magaji fa, kuɗi zai yi yaɓe?

Dan Allah duk ginin da za ku saka a jerinku, ku tambayi hukumomin ƙasar yara nawa ke koyon aikin a hannun maginansa, a ware musu ɗan alawus ko sa zauna. Jami'ar da ke garin ita ma ta tura ɗalibanta masu karatun zanen gini su durƙusa gaban tsofaffin nan, su taɓa laka da hannunsu. Sannan ku ja kunnen masu shafa siminti a bangon ƙasa da sunan gyara, danshi yake riƙewa, bangon ya ruɓe ta ciki ba wanda ya sani sai ranar da ya zube akan mutane.

Na gode, a huta lafiya.