Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta Tedros, Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Tun lokacin korona wani abu ya tsaya min a rai. Kowa ya ga yadda gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, ya zama sai wane da wane, inji mai tsada, sai da wuta, sai da ƙwararre, ga jiran sakamako kwana da kwanaki, alhali mai ciwon suga ɗigon jini kawai yake sawa a ɗan tsinke kafin ya goge yatsa lamba ta fito. To da irin wannan dabarar ta lantarki ake son kamo DNA ɗin ƙwayar cuta, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halittarta.

Ana ɗaure guntun zaren DNA a kan ilektirod na zinare, wato ɗan ƙarfen da lantarki ke bi ta cikinsa, sulfa ce ke riƙe shi, sai a maƙala wani shuɗin rini a ɗaya bakin. Zaren a lanƙwashe yake, rinin na kusa da zinaren yana ba lantarki hanya. In DNA ɗin da ake nema ya zo ya kama wannan zaren da ya dace da shi sai zaren ya miƙe, rinin ya yi nisa da zinaren, lantarkin ya ragu, shi ke nan an gane. Su Kevin Plaxco a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara sun nuna tushen wannan dabarar tun 2003 fa.

Ƙanƙanta kuma ita ce sirrin. Nanomita ɗaya, mita ce aka raba gida biliyan, faɗin DNA kansa wajen nanomita 2 ne. Ilektirod in ya ƙanƙance haka hayaniyar lantarkin da ke rufe sigina tana raguwa, kuma abin da ake nema yana isowa ta kowane gefe ba ta gaba kaɗai ba, don haka ko ɗan kaɗan ne a ruwan yana jin sa.

Amma fa a ruwa mai tsabta na ɗakin gwaji ne abin ke burgewa. Sa masa jini na gaske ka gani, furotin ya manne ya toshe fuskar zinaren, wani lokacin ma ilektirod biyu da aka ƙera tare kowanne da tasa amsar.

Nan ne roƙona. Hukumarku ce ta fara fitar da jerin muhimman gwaje-gwaje a 2018, maganarku ana ji. Ku fitar da ma'auni guda na irin waɗannan na'urori, a gwada su da jini da majina na marasa lafiya, a ajiye su watanni cikin zafi a sake gwadawa, wanda ya faɗi ma a buga sakamakonsa kowa ya gani. Wanda ya tsallake ku sa shi a jerin.

Allah ya taya riƙo.