Kafin ka yarda kana da hawan jini

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ji an auna ka a kemis an samu 150/95, har ka sayi na'urar awon hawan jini. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, musamman idan ka shigo daga rana, aka ɗaura maka abin kana tsaye kana hira.

Fara da maɗaurin, wato abin da ake ɗaurawa a hannu. Na damtse ya fi na wuyan hannu inganci. Auna kaurin damtsenka da tef ɗin tela: maɗaurin da aka saba sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne, kai kuwa kana da jiki. Idan ya yi maka kaɗan, na'urar za ta ƙara maka lamba ta ƙarya. Ɗaura shi a kan fata, kada ka naɗe hannun riga ya matse jijiya. Gefensa na ƙasa ya tsaya kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu.

Minti 30 kafin awo, ba goro, ba shayi, ba kofi, ba sigari. Yi fitsari tukuna, cikakkiyar mara tana ɗaga lamba. Zauna a kujera minti 5, bayanka a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, ba harɗewa, hannu kan tebur daidai da zuciya. Ajiye wayar nan, ka yi shiru har na'urar ta gama.

Ranar farko auna hannu biyu, ka ci gaba da auna hannun da lambarsa ta fi yawa. Sannan sau biyu da safe kafin karin kumallo, sau biyu da yamma, minti ɗaya tsakani, har kwana 7. Rubuta duka a littafi, har wanda bai yi maka daɗi ba. Bar na ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran. A gida ma'aunin hawan jini 135/85 ne, a asibiti 140/90. Idan matsakaicinka ya kai na gida, kai wa likita littafin tare da na'urar, a gwada ta da tasu.

Idan aka ɗora ka kan magani, auna kafin ka sha na safe, kuma kada ka daina don lamba ta sauko; maganin ne ya sauko da ita. Amma ka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko mutuwar ɓarin jiki, kada ka tsaya sake awo, a kai ka asibiti nan take.

Gaida iyalinka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka