A sama wa ɗaliban jinya malamai a bakin gado

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in sa baki a muhawarar da ake tafkawa kan wa ya fi iya duba maras lafiya, mai digirin jinya ko wanda ya fito daga makarantar nas.

Tsohon tsarin makarantar nas shekara 3 ne, digiri a jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya shekara 5, ga kuma ƙaramar difloma da babba, wato ND da HND, shekara bibbiyu. Dukkansu sai sun ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya kafin a ba su lasisi.

Zurfin karatu yana da tasiri ƙwarai. Ɗalibar aji ɗaya za ta auna hawan jinin mai ciki, ta ga ya hau har 150 bisa 100, ta rubuta a kati ta wuce, domin iya abin da aka koya mata ke nan. Wadda ta kusa kammalawa kuwa ya kamata ta tsaya ta tambayi matar ko kanta na ciwo, ko tana gani dishi-dishi, ta duba kumburin fuska da hannuwa, ta sa a gwada fitsari, ta kira likita tun jijjiga ba ta kama ta ba. Haka ɗan shekara 2 mai tari: numfashi 40 ko fiye a minti ɗaya alama ce ta nimoniya, wato ciwon huhu, kuma sai wanda ya ƙirga zai sani.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tura ɗalibai asibiti ba malamin da ke biye da su. Nas ɗin da ke bakin aiki ita kaɗai ce da gadaje fal, ina ta ga lokacin koyarwa? Sai ɗalibi ya koma ɗan aike, kai jini ɗakin gwaji, karɓo magani, gyara gado. Wanda ya shekara 5 a haka bai fi mai shekara 3 da komai ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da majalisar jinya da su wajabta wa kowane rukunin ɗalibai malami a ɗakin marasa lafiya. Kullum a ba ɗalibi mutum ɗaya ya duba shi daga kai har ƙafa, ya faɗi abin da ya gano da dalilinsa a gaban malamin. Tsofaffin nas-nas masu son ƙaro karatu kuma a ba su hutun karatu da albashinsu.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Unguwar Rimi, Kaduna