Wasiƙa zuwa ga aminina a kan dashen kajiji

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka inda kake tambaya ko da gaske ne na ware wani gefe na fadamarmu ta wajen Nguru na dasa kajiji maimakon shinkafa. Gaskiya ne, kuma ga dalilina.

Ka san kajiji a kaskon turaren wuta, amma ina shakkar ko ka taɓa dubansa a tsaye cikin ruwa. Ɗan'uwan aya ne, sai dai ba ya yin ganye. Kara ne kore, siriri, mulmulalle, mai kaiwa ƙirjin mutum, wanda idan ka matse shi tsakanin yatsu ka ja, za ka ji gaɓoɓinsa na ciki suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin kuwa yana cikin saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin taɓo, ita ce mata ke shanyawa su daka.

A wajenmu ya fara wuyar samu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina cika da janyewa a kan lokacinsa, ya koma kwanciya a magudanai rani da damina, wanda shi ne abin da kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, ta kuma mamaye bakin gaɓar da kajiji ya saba tsirowa. Ɗan abin da ya rage, masu haƙa suna tumɓuke shi ba tare da sun bar iri ba.

Dashensa ba shi da wahala. Idan ruwa ya fara ja da baya bayan kaka, sai a yayyanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, a binne cikin taɓo inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Babban aikin shi ne tsare shi daga kachala, kuma sai an sare ta a ƙarƙashin ruwa take ruɓewa. Wanda ya sare ta a sama ya yi aikin banza.

Abin da ya fi ƙamshin muhimmanci a wurina shi ne abin da yake yi wa dausayin. Saiwarsa tana riƙe gaɓa kada ta zaizaye, karansa yana rage gudun ruwa har laka ta kwanta, kuma saboda sirantarsa haske yana ratsawa, 'ya'yan karfasa da tarwaɗa su samu mafaka da abinci. A irin wannan ruwa marar zurfi tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu suke kiwo, kuma suna cikin dalilan da suka sa tafkin Nguru ya shiga yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 2000.

Maƙwabta suna ganin ɓata ƙasa nake yi, alhali a jihar Para ta Brazil manoma suna noma wannan tsiro suna sayar wa kamfanonin turare. Niyyata ita ce in riƙa haƙar kaɗan, in bar mafi yawa a ƙasa, in raba iri ga duk mai so. Ka bincika mini yadda ake sayar da mudunsa a kasuwarku.

Ka gaida iyali da kyau. Wassalam.

Naka amini.